Askar da Auta Ya Hana Mai Washi Taɓawa

Kafin masu shaguna su gama buɗe ƙofofi, Mai Washi ya riga ya jiƙa duwatsunsa. Haka muka taso muka gan shi. Yakan zo da ɗan bokitin ruwa a hannu, jakar fata a kafaɗa, ya share gindin rumfarsa, ya jera duwatsun washi a kan benci tun daga mai kaushi har zuwa mai santsi, ya rataye fatar goge kaifi a jikin ƙusa, sannan ya zauna ya naɗe hannun riga. Mata su aiko da wuƙaƙe, tela ya kawo almakashi, mahauci ya zo yana ƙorafin tasa ta dakushe tun jiya. Wannan duk neman abinci ne. Abin da ya kai sunansa nesa da layinmu dabam ne: a miƙa masa tsohuwar aska, irin mai naɗewa cikin ƙota, ya jujjuya ta, ya shinshina, ya ƙyasta ta da farce a kusa da kunne, ya gaya maka zamanin da aka ƙera ta.

Yanzu yanar ido ta ci ƙarfinsa, 'yarsa ta zo ta tafi da shi gidanta, rumfar ta zama wayam. Ya kamata a jinjina masa tun yana da kunnen ji. Amma duk mai son sanin girman Mai Washi kada ya tambayi masoyansa, ya tambayi mai askin da rumfar ke jingine da bangon shagonsa, wato ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya. Gemunsa ya yi fari fat, yana da jikoki, amma har yau Auta ake ce masa. Ba wanda ya kalli Mai Washi kamar yadda Auta ya kalle shi, domin mai hassada ba ya ƙifta ido. Madubin shagonsa ma a karkace ya kafa shi. Masu zuwa aski sun ɗauka rashin iya kafa ƙusa ne, alhali kuwa don ya riƙa hango rumfar ne yana aiki.

Abin daga gado ya samo asali. Mahaifinsu mai aski ne, kakansu ma haka. Baba yana da asake biyu da yake ji da su: ɗaya ta Kaka, wadda shi kansa Kakan da tsufanta ya same ta, ɗaya kuma tasa ta kansa. Dukansu da baƙar ƙotar ƙaho, in suna naɗe kamar an tsaga kara. Lokacin da Auta ya yi wayo hannun Baba ya riga ya fara rawa, ya adana su a akwati, da baki ya koya wa yaron aski yana zaune a gefe. Da ciwon ajali ya kama shi sai ya kira su su biyu, ya miƙa wa kowa aska ɗaya a ƙulle cikin ƙyalle. Ya bar wa Auta shago da kujera da madubi, ya bar wa babban duwatsun washi. Bai ce wannan ce ta Kaka ba, bai ce waccan ce ba, kuma kafin Auta ya sami bakin tambaya Allah ya yi masa rasuwa.

Kowa ya ce Auta ya dace, ga shago ga kujera, yayansa kuwa sai duwatsu kamar mai shirin kafa murhu. Shi ba shago ne a ransa ba. Wa aka ba askar Kaka? A lissafinsa, wanda aka ba ita shi Baba ya ɗauka magaji, ɗayan kuwa hawaye kawai aka share masa. Ga masifa: mutum ɗaya ne tak zai iya warware masa wannan, kuma yana zaune a bayan bangonsa kullum. Wanzami ba ya son jarfa. Auta ya gwammace ya mutu da tambayar a ciki da ya ji amsarta daga bakin Yaya.

Don haka bai taɓa bari Yayan ya taɓa askar ba. In ta dakushe sai ya shiga bayan labule ya goga ta a wani guntun dutse yadda ya iya, ko ya sa ta a aljihu ya tafi can ƙarshen gari wurin wani mai wasa gatari da fartanya. Duk wanda ya zauna a kujerarsa kuma sai ya sha labari, da murya a sama yadda na rumfa zai ji: wannan askar da ke kan wuyanka ta kakanmu ce, ni aka ba. Mai Washi yana ji, dutse na tafiya a hannunsa, bai taɓa cewa uffan ba. Da ya ƙaryata shi ma da sauƙi, da an yi faɗa an huta. Shirun nan shi ke cin Auta kamar gara.

Cikin wannan karkataccen madubin ya ga ranar da ɗan gwanjo ya zo da wata aska ja wur da tsatsa, yana rantsuwa ta fi kowa a layin tsufa, har mutane suka taru. Mai Washi bai ko duba tsatsar ba. Ƙotar ya murza da babban yatsa har ta yi ɗumi, ya shinshina, ya miƙa wa tela ya ce shi ma ya ji. Tela ya ce kafur yake ji. Mai Washi ya ce to, ƙaho in ya yi ɗumi ƙaurin gashi yake yi, mai warin kafur kuwa wata irin tsohuwar roba ce da ta zo daga baya. Tsatsar shekaru kuma baƙa ce, rami take ci, ta fi yawa a gindin ƙusar da ta haɗa ƙarfen da ƙota, inda ruwa ke laɓewa. Wannan kuwa launi ɗaya ce daga kai har ƙafa, alamar an kwantar da ita cikin ruwan gishiri. Ya ce sa'ar babar tela ce, ba ta wuce nan ba. Aka bushe da dariya, ɗan gwanjo ya rasa inda zai sa fuskarsa. Amma Mai Washi bai bar shi a rana ba, ya zauna ya kankare masa tsatsar tas, ya ce aska ce mai kyau, a sayar da ita da shekarunta na gaskiya ba za ta rasa mai so ba. Har yau ɗan gwanjon ba ya wucewa bai durƙusa ya gaishe shi ba.

Ranar Auta ya kusa yanke kunnen mutum. Da ya koma gida ya ce wa matarsa wai yanzu shinshine ma ya zama sana'a, gobe sai a fara girmama karnuka. Ta ce masa, Malam, ka ci abincinka yana hucewa.

Ka lura da yadda yake faɗar shekaru: ba ya kawo lamba. Da mutane yake aunawa. Wannan ta girmi ubanka, wannan sa'ar kakarka ce, wannan ko kai ka girme ta. Yakan ce ƙarfe ba ya riƙe ranar haihuwa, zamani kawai yake riƙewa, duk wanda ya ce maka ga shekara takamaimai to ya ƙara gishiri. In abin ya shige masa duhu kuwa sai ya ce bai sani ba, kai tsaye, ko kunya babu. Wannan ma haushi yake ba Auta, don ya lura duk ranar da Yaya ya ce bai sani ba mutane ƙara yarda da shi suke yi.

Akwai wata mata da ta zo da aska a ƙulle a bakin zane. A akwatin marigayi mahaifinta aka tsince ta, 'yan'uwanta maza sun haɗa ta da tarkacen ƙarafan da za a zubar, ita kuma zuciyarta ta ƙi. Mai Washi ya buɗe. Ya nuna mata yadda ƙarfen yake da kauri tun daga baya har baki, ba a rarake gefensa ba. Ya ƙyasta, ba ta yi amo ba, ya ce na farko haka suke, bebaye ne, sai daga baya maƙera suka iya rarake ƙarfe ya yi siriri har ya riƙa waƙa. Ya nuna mata wutsiyar, wato ɗan ƙarfen da yatsa ke hawa a bayan ƙusa, 'yar guntuwa, ya ce na baya-bayan nan doguwa ce a lanƙwashe. Ya nuna mata tambarin maƙeri shi kaɗai, babu sunan ƙasa a gefensa, ya ce wannan ma alama ce ta tsufa, ko da yake shaida ɗaya ba ta isa hukunci. Sannan ya ce mata ta girmi kakan mahaifinta, hannun maza da yawa na gidansu ya bi ta kanta. Ya shafe ta da mai, ya ce ta ajiye inda babu laima. Matar ta tsaya tana zuba masa addu'a har hawaye, ta yi wa iyayensa, ta yi wa zuriyarsa.

Auta yana ciki yana ji, kumfar sabulu na bushewa a hannunsa. Iyayen da ake wa addu'ar ai nasa ne shi ma, amma ba ta hanyarsa ta zo ba. Ya aske kawunan rabin garin nan, wa ya taɓa yi masa kuka? Aikinsa sati ɗaya gashi ya tsiro ya shafe shi. Wallahi ya ji zafin abin, ya kuma ji haushin kansa da ya ji zafin.

Kai ne, Mai Washi, wanda tsatsa ba ta ruɗa, ƙyalli bai ruɗa ba. Kai ne ba ka taɓa ƙara wa aska shekara don mai ita ya yi murmushi ba, ba ka taɓa rage mata don ka saye ta da arha ba. Kai ne ka zauna shekara da shekaru ƙaninka na jifan ka da magana ta bayan bango, ka bar ta ta faɗi ƙasa. Dogo na Baba, mai ido a yatsa.

Wanda ya kwana kusa da kogi ba ya rasa jin sanyi. Da yawan saurare Auta ya tsinci rabin sanin, kuma rabin sani ya fi jahilci azaba. In shago ya yi tsit sai ya ɗauko askarsa ya murza ƙotar ya shinshina: ƙaurin gashi, ƙaho ne, sai ransa ya yi fari. Ya ƙyasta ƙarfen a kunne: sai ta yi waƙa, siririya, sai gabansa ya faɗi. Tambarin ya goge, wutsiyar kuwa ran da yake cikin nishaɗi guntuwa yake ganin ta, ran da yake cikin fushi doguwa. Ya sha jin Yaya yana cewa ƙota riga ce, tsohuwa kan sa sabuwa, yarinya kan ari ta kakarta. Sai ya naɗe askar ya ce ai shi ma Yayan mutum ne, ba wahayi ake masa ba.

Ana nan idon Mai Washi ya fara dushewa. Auta ne ya fara ganewa, kafin kowa, don ya ga yana lalubar bakin bokiti. Bari a faɗi gaskiya, abin da ya fara zuwa ransa ba tausayi ba ne, wani ɗan sanyi ne ya ratsa shi, ya yi maza ya nemi gafarar Allah. Daga baya tsoro ya biyo. Da 'yar ta zo ta ce ta gaji da roƙo, tafiya za ta yi da mahaifinta garin da take aure, sai Auta ya daina cin abinci sosai. In Yaya ya tafi, tambayar ta tafi da amsarta. Matarsa ta gaji da kallon sa yana juya cokali. Ta ce ita tun tana amarya take jin labarin askar nan, ta haifi 'ya'ya ta aurar, askar ba ta yi magana ba. Ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in bai tambaya ba kada ya ƙara damun ta.

Aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Ranar tafiya da hantsi 'yar tana naɗe duwatsu cikin tsummoki, mutanen layi sun yi sallama sun watse, Mai Washi na zaune a kan benci hannunsa a kan gwiwa. Auta ya fito daga shago, ya koma, ya sake fitowa. Daga ƙarshe ya tsaya a gabansa ya miƙa askar.

"Yaya, duba min wannan."

Mai Washi bai tambayi wace ce ba. Ya goge tafinsa a riga kafin ya karɓa, abin da ba a taɓa ganin ya yi wa wata aska ba. Bai shinshina ba, bai ƙyasta ba. Ya buɗe ta, ya bi gadon bayanta da yatsa a hankali tun daga ƙusa har tsini, ya dawo, ya tsaya a wani wuri.

"Wa ya riƙa wasa maka ita haka?" in ji shi. "Mai fartanya?"

"Ba shi na tambaye ka ba. Ta Kaka ce ko ba ita ba ce?"

"Ba ita ba ce."

Haka ya faɗa, ba kwana-kwana, kamar yadda ya faɗa wa ɗan gwanjo. Auta ya zauna a ƙarshen bencin. Abin da ya yi ta gudu tun yana saurayi ke nan, ga shi ya same shi da furfura. Ashe hawaye kawai aka share masa. Ya ce a ransa dama ya sani, Baba bai taɓa haɗa shi da Yaya ba. Ya miƙa hannu zai karɓi abarsa, Mai Washi bai saki ba.

"Ba ka tambayi shekarunta ba. Tsakanina da kai take. Ƙanwata ce, yayarka ce."

Sai ya kama yatsan Auta ya ɗora a bayan askar, ya ce ya ji yadda ƙarfen ya fi cinyewa ta wajen tsini. Ya ce hannun Baba ne wannan, haka yake danne ta a kan dutse, haka kuma ya koya masa, mai fartanya ma bai iya shafe shi ba. Ya kai yatsan gindin ƙusa inda tambari ya goge, ya ce ba shekaru suka goge shi ba, babban yatsan Baba ne. Ƙotar kuwa Baba ne ya sassaƙa ta da kansa, ya yi wa ta Kaka irinta. Ya nuna masa wani ɗan tabo da Auta ya daɗe yana ɗauka aibu ne, ya ce shi ya yi shi yana yaro, ta suɓuce masa a kan dutse, ya sha ranƙwashin da har yau yana jin wurin. Ta Kaka a akwati ta yi zamanta, Baba bai taɓa aske kowa da ita ba, ta yi masa nauyi. Wannan ce ta ciyar da su, ita ta yi musu sutura, ita ce a hannunsa daga safe har yamma.

"Kowace safiya ni nake wasa masa ita," in ji Mai Washi. "Ran da na kwance ƙyallena na ga ta Kaka, wanda ko ganinsa ban taɓa yi ba, na shiga ɗaki na yi kuka. Kai aka ba Baba, Auta. Tun ranar nake jin haushinka, kana ta shelar ta Kaka ce, ni kuma ina cewa a raina wannan yaro bai san abin da ke hannunsa ba."

Ya laluba cikin jakar fatarsa ya ciro ƙyalle, ya kwance. Ga ta Kaka, kauri, guntuwar wutsiya, bebiya. Ya ce tunda ita yake so, ga ta, a yi musaya, kowa ya sami abin da ya yi ta mafarki.

Auta ya dubi askar da ya yi wa kwaɗayi duk tsawon rayuwarsa. Sai ya fizge tasa ya rungume a ƙirji kamar za a ƙwace.

"A'a, Yaya. Kowa ya riƙe abin da aka ba shi."

Mai Washi ya yi dariya har da tari, 'yar ta juya baya tana share ido da mayafi. Ya ce to ya ji, amma yana da roƙo biyu. A kwance masa dutse mai santsin nan ya wasa askar Baba sau ɗaya. Aka kwance. Ya wasa ta ido a rufe, yana dannawa ta wajen tsini, ya goge a fata. Na biyu, a aske shi da ita. A ranar ne Mai Washi ya fara zama a kujerar shagon mahaifinsa tun bayan rasuwarsa. Auta ya shafa masa kumfa, ya ɗora askar, ya ji tana tafiya ita kaɗai kamar ba tasa ba, sai a lokacin ya gane duk shekarun nan da rabin kaifi yake aiki. Mai motar da ya zo ɗaukar su ya yi ta danna ham a waje, ba wanda ya kula shi.

Kada a ɗauka Auta ya warke. Ka je shagon yau, zai gaya maka askar ta Babansu ce, da murya a sama kamar da, sannan ya ƙara da cewa har a hassadar ma Yaya ya fi shi, tunda shi ya iya ɓoye tasa. Yana faɗa yana hararar ƙasa, kuma da gaske yake.

Mun gode, Mai Washi. Allah ya saka maka da alheri, ya sanyaya idanunka, ya sa ka gama lafiya. Masu sana'a su yi koyi da kai: a faɗi shekarun abu yadda suke, ko da mai shi ɗan ɗakinku ne, sannan kada a bar shi da ɗacin kawai. Wanda kuma ke da tambaya a ciki, mai amsarta na bayan bangonsa, ya tashi ya zagaya tun bai yi furfura ba.

Dutse mai santsin nan da ka bari a shago, Mai Washi, kullum da safe ƙaninka yana jiƙa shi, yana danne aska ta wajen tsini. An sha ce masa ya gyara madubin tunda babu kowa a rumfar. Ya ce a bar masa abinsa a karkace.